Kwarmin Matakala

Gidan da nake shara a Manhattan ba don ofis aka gina shi ba, kallo ɗaya za ka yi ka gane. Siriri ne, hawa huɗu, na jan bulo, irin gidajen attajiran Ingila na da, an matse shi tsakanin dogayen benaye biyu. A saman baƙar ƙofarsa akwai gilashi mai siffar rabin faranti. Tagoginsa sama ake turawa, kuma kullum sai ɗaya ta maƙale. Ɗakin cin abinci ya zama na lauyoyi shida, an toshe murhun ɗumama ɗaki an girke injin fotokwafi a bakinsa. Mu masu shara muna can ƙasa, inda barori suke zama a da. Wannan kam ba su canza ba.

Yaya Saani ne ya samo mini aikin, kuma ɗakinmu ɗaya a unguwar Morris Heights. Magini ne tun daga Zangon Kumasi, hannunsa ya san siminti, amma shekara tara ke nan tsintsiya yake riƙewa. A shekarar 2016 takardun ɗauko matarsa Safiatu suka kusa kammala. Abin da ya rage wasiƙa ce daga wurin aiki, mai nuna yana da aiki tsayayye, wadda za ta riƙe ta je ganawar biza a Accra. Madam, manajar gidan, ta ce za ta sa hannu ranar Litinin, idan baƙinta sun tafi.

Baƙin nan matakala za su zo gani. Ta farin dutse ce, tana murɗawa daga zaure har hawa na biyu, an ce a jirgin ruwa aka kawo ta daga wani gida da aka rushe a Ingila. Ƙafafun mutane sun cinye ta. Taka biyar na ƙasa duk sun yi kwarmi a tsakiya kamar akushi, in ka goge sai ruwa ya kwanta a ciki. Abin ya daɗe yana ci wa Yaya Saani rai. A Zango, in baƙi za su zo ko Sallah ta matso, ko talakan da bai ajiye komai ba sai ya cike ramin daɓensa, don kada a tafi da shi a baki.

Ranar Juma'a wata sakatariya ta zame a taka ta uku, har takalminta ya karye. Muna hanyar masallaci ya ce da ni, “Abukari, ka gani ko? Visitors za su zo Monday, su tarar da wannan abin kunya. Madam ta yi mini kirki, chale, abokina. Bari ni ma in yi mata surprise.”

Da na ce masa ya fara tambaya, da yanzu ba wannan labarin nake ba ku ba. Ban ce ba. Ni ma a idona ramin abin kunya ne. Ranar Lahadi da hantsi ni na ɗauki bokitin simintin, muka hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu.

Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya tuɓe riga, ya durƙusa, ya ɗauko kurfi da guduma ya sassare fuskar kowane dutse, tsaga kusa da tsaga. Na tambaye shi dalili, ya dube ni kamar na yi saɓo. “Dutse mai santsi ba ya riƙe siminti. Mai ha'inci ne yake shafawa a kai kawai, bayan wata biyu ya ɓare.” Ya kwaɓa farin siminti, ya cike, ya daidaita da ma'auni, ya laulaye da cokalin gini har gefen ya yi kaifi. Kafin la'asar taka biyar sun zama sabbi fil. Ya ɗauki hoto ya tura wa Safiatu.

Ihun Madam muka fara ji ranar Litinin. Muka hau da gudu, Yaya Saani na murmushi, a zatonsa murna ce. Muka tarar da ita dafe da bango, baƙi huɗu tsaye da kyamarori, wani tsoho a cikinsu ya tsuguna yana shafa simintin. Aka kira Kwabena, wanda yake kula da ma'aikatan shara, ya ja mu gefe.

“Massa, me ka yi? Wannan ramin shi suka zo gani! Two hundred years mutane suna takawa. Shi ne history ɗin.”

Yaya Saani ya ce, “Rami?”

“Rami.”

Tsohon nan ya ce watakila a iya ɓamɓare simintin a hankali, in dai dutsen ƙasa lafiya yake. Ni na so a yi shiru a nan. Amma Yaya Saani, da yake ba ya son a zaci aikin banza ya yi, ya matsa gaba ya yi musu bayani da Turancinsa cewa ba zai ɓamɓaru ba, domin ya sassare dutsen sosai kafin ya zuba. Har nuna musu ya yi da hannu. Tsohon ya miƙe ya cire tabarau.

Kafin azahar an karɓe makullansa an sallame shi, maganar wasiƙa ta bi ruwa. Da aka tambaye shi wa ya taya shi, ya ce shi kaɗai ne. Ina tsaye a wurin da tsumma a hannu na yi shiru, kuma har gobe ina jin kunyar shirun nan. Haushi kuwa ban san wa zan ji wa ba: su da suke bauta wa rami, ko mu da muka yi shekaru muna goge abu ba wanda ya ga mun isa a gaya mana ko mene ne.

Ya nemi aiki. Masu shaguna a titin Concourse suna ba shi na yini, amma ba mai rubuta wasiƙa, kuma wace wasiƙa za ta ce tsayayye a kan aikin sati biyu? Ranar ganawa saura kwana goma, bai gaya wa Safiatu ba.

Wata Asabar da rana muna cin waake, shinkafa da wake, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya buɗe muryar wayar don hannunsa da mai. Safiatu ce, ga hayaniyar kasuwa a bayanta.

“Maigida, ina wurin 'yan gwanjo. Na samu rigar sanyi biyu, ɗaya mai kauri, ɗaya dama-dama. An ce sanyinku ba wasa. Wacce zan ɗauka?”

Ya ajiye lomar da ya ɗebo. Ta ce, “Kana ji na?”

“Ina ji,” ya ce. “Ɗauki mai kaurin.”