Tafin Hannun Malami

A-kori-kurar Ɗangiwa tana da allurar da ke nuna zafin inji, amma akwatin giya ba shi da komai sai tafin hannun Malami direba. Tun kafin a sami mulkin kai, in yana jan kaya, Malami kan tsaya ya kwanta ƙarƙashin mota, ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen, ya ƙirga biyar. In ya iya jurewa a wuce, in bai iya ba a nemi inuwa. Duk Tambuwal an san shi da wannan.

Abin da ba a sani ba shi ne, tun damina hannun ya daina ji. Wani farin tabo ya fito masa a wuyan hannu, yana ɓoye shi da hannun riga. Ya san sunan ciwon sarai, yana kuma tsoronsa, don ya san ran da aka ce kuturta, shi da sitiyari sun rabu, kuma ba mai ƙara sa hannu a akushi ɗaya da shi. Sai ya koma tofa yawu a kan ƙarfen a ɓoye, in ya ji cuu ya san ya yi zafi.

Ran kasuwar Kebbe suka ɗaura injin niƙa a kan amalanke mai taya biyu, suka jawo shi a baya. Ɗangiwa na gaba ya hakimce, ƙanin matarsa Jumare na baya, mutumin da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan kujerar direba. Rairayi ya sa motar nishi a giya ɗaya. Da suka tsaya a hanya, Malami ya shiga ƙarƙashi ya tofa, ya juyo sai ga fuskar Ɗangiwa a sunkuye tana kallonsa.

"Yaushe miyau yaz zama hannu, Malami?"

"Hannun na da maiƙo, maigida."

Ɗangiwa ya dubi hannun rigar da ya zame, ya ga tabon, ya yi murmushi. Mugun mutum ne mai haƙuri, irin wanda ba ya cin mutunci sai an taru.

Da azahar suka isa bakin kasuwa. Ɗangiwa ya ce masa ya je ya yi salla ya huta, kada ya yi gaggawa. Malami har ya ji daɗi, wawa. Ya dawo bayan kusan awa guda, ya tarar da motar a gindin tsamiyar da ya bar ta, 'yan kallon injin niƙa sun kewaye ta.

"Jama'a, ku matso ku ga gwani," in ji Ɗangiwa. "Wanga da hannu shika auna zahin giya. Malami, gwada musu."

Malami ya yi lissafi a ransa: awa guda a inuwa, ai dole ƙarfe ya huce. Ido ya yi yawa, ba halin tofawa. Ya kwanta, ya manna tafinsa, ya ƙirga biyar da ƙarfi, ya ƙara biyar don burgewa.

"Ya huce, maigida. Muna iya tahiya."

A kwancen Malami ya ga sabon sawun taya a kan rairayi, sawun ya fita ya zago ya dawo. Ashe yana masallaci Jumare ya yi ta kewaya fadama da kayan a giya ɗaya. Sai kuma ya ji ƙauri. Ya zaro hannun, fatar ta sale ta yi fari, shi kuwa ko ɗis bai ji ba.

Mutane suka ja da baya. Wata mai fura ta rufe ƙwaryarta.

"Kun dai gani," in ji Ɗangiwa a hankali. "Wata nawa shina cin tuwo da ni, bai hwaɗi ba."

Ya sa Jumare ya goge sitiyari da kananzir, har da mariƙin ƙofa. Buzun sallar Malami kuma da sanda ya zaƙulo shi daga bayan kujera, ya yar a ƙasa.

Jumare ya ta da mota za su kai injin cikin gari. Malami na zaune a ƙasa riƙe da hannu, ya ji kukan giyar, kuma shekara goma sha biyu a kan sitiyarin mota ɗaya ba ta barin mutum ya yi shiru.

"Maigida, a bari ta huce, tana ƙonewa."

Ɗangiwa ya leƙo ta taga. "Kai da mi kaj ji?"

Jama'a suka yi dariya, motar ta wuce.