Minti Sha Ɗaya Babu Murya

Wayar kwananta huɗu a hannuna, ko ledar gilashinta ban ɓare ba, Baba ya ce in kawo ta ɗakinsa. Lokacin ciwo ya ci ƙarfinsa, sai an tallafe shi yake zama.

"Auta, wannan abar taki tana ɗaukar mutum yana magana?"

"Har da tarinka, Baba."

Ya yi 'yar dariya. Ya ce in jingina ta da kwalbar maganinsa, in kunna bidiyo, in fita in ja ƙofa. Saƙo zai bar wa Yaya, kuma bai yarda kowa ya buɗe ba sai shi.

Yaya ne babbanmu. Shekara shida ke nan da suka yi kaca-kaca da Baba a shagonsa na kafinta, ranar da Yaya ya ce ya gaji da aikin katako. Baba ya ce kada ya sake tako masa gida. Shi kuma zuciya irin ta ubansa, ya saɓi jaka ya tafi tuƙin babbar mota can nesa. Ko a waya ba su ƙara gaisawa ba.

Da Baba ya kira ni na kashe, na ga minti sha ɗaya ya yi. Ban kalla ba, alkawari na ɗauka. Bayan kwana uku ya rasu.

Ga abin da ke cina har yau. Tun ranar da na sayi wayar, duk wanda na kira sai ya ce, "Alo? Ba na jin ki fa." Ni da bakina, na zage kamfanin layi tas, na koma tura saƙo a rubuce. Sabuwa fil daga kwali, ina zan zarge ta?

Yaya ya iso an riga an kai Baba makwanci. Ya zauna bakin gadon marigayin, na miƙa masa wayar na tsaya daga ƙofa. Ga Baba nan a cikin wayar, ya gyara hula, bakinsa na motsi.

"Auta, ƙaro min murya."

Na ƙara har ƙarshe. Shiru. Na kashe na kunna, na girgiza ta kamar mahaukaciya. Ko numfashinsa babu.

Washegari muka je wajen wanda ya sayar min. Ya hura mata iska, ya yi magana a cikinta ya saurara, ya ce, "Makirfon ɗin a mace yake, haka ta fito daga kamfani. Ku yi haƙuri, ki bar ta in ba ki wata."

"Wata ta yi min me? Ubana ne a ciki!"

Ya haɗa mu da mai gyara a shagon gaba. Mutumin kirki, ya saurare ni har na gama masifata, sannan ya ajiye ɗan sukudirebansa. "'Yar'uwa, makirfo yanzun nan zan iya canza shi. Amma maganar da ba ta shiga ba, babu inda zan tono miki ita."

A layinmu akwai wata tela kurma da ke gane magana daga motsin leɓe. Ta kalla sau biyu. Baba ba haƙora, ga gashin baki ya rufe leɓen. Ta rubuta mana a bayan takardar awo cewa sunan Yaya kawai ta kama, sau uku.

Muka koma ɗakin Baba. Yaya, ƙato da shi, ya dunƙule a kan tabarma yana ta maimaita ƙarshen. A nan ne Baba ya share ido da bakin riga, sannan ya ɗaga hannu, yatsun suka motsa sau biyu. Wallahi tausayin Yaya ya fi mutuwar kanta taɓa ni.

"Auta, ke kika yi jinyarsa, ke kika san hannunsa. Zo yake ce min, ko tafi?"

"Zo yake cewa, Yaya."

Ya ɗago ya dube ni, idonsa jajur.

"Ki rantse."

Na buɗe baki, na kasa. Ya jira ni, ya jira, sannan ya gyaɗa kai ya mayar da hoton farko.