Adakar Goggo Ta Shiga Ruwa

Kunya ce ta jefa Baballe, kafintan Azuba, cikin aikin faiba, zaren nan da ake haɗawa da gam ya daskare kamar roba. A daminar bara maciji ya sari Goggo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, a rugarsu ta ƙetaren kogin Mada. Kogin ya cika ya batse, kowane mai kwalekwale ya ɗaure nasa. Torkula kaɗai, wani masunci ɗan ƙabilar Tibi, ya kwance nasa ya haye da ita, Goggo ta rayu. Wayarsa da garin tuwonsa da ashanarsa kuwa ruwa ya lalata su a tafiyar. Aka kai masa rago, ya jawo shi da igiya ya dawo da shi. Mutum ya yi maka alheri kuma ya hana ka godiya, ina za ka sa kanka?

Sai Baballe ya ƙudura zai yi masa akwatin ajiya na cikin jirgi, wanda ruwa ba ya ratsawa. Katako ruɓewa yake, ƙarfe tsatsa. Ya kalli yadda ake yin na faiba a waya sau uku, ya naɗa wa kansa gwani. Ya je wajen wani mai gyaran tankin ruwa a hanyar Shabu, ya sayo zaren faiba da gam da 'yar kwalbar maganin da ke daskarar da shi. Mutumin ya ce ya haɗa da kakin da ake shafa wa abin da za a ɗora faibar a kai, don ta saɓule in ta bushe. Baballe ya ce a ransa wayon 'yan kasuwa ne, mai dai ai mai ne.

Abin ɗorawar ne bai samu daidai ba sai adakar Goggo, ta maɗaci, wadda marigayi mijinta ya saya mata, ta bi ta ruga bakwai a bayan takarkari. Tun da ta dawo Azuba da zama adakar tana kan gadonta. Ta kwashe zannuwanta ta ba shi aro na kwana biyu, ta ce ko ƙwarzane kada ta gani.

Ya kamfaci man shanu daga ƙwaryarta ya mulke adakar da murfinta, ya shimfiɗa zare ya bi da gam, har hawa uku. Hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi kamar ya yi dambe da ƙarara, amma bakinsa har kunne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Gam ɗin zafi yake ɗauka in zai daskare, ga kuma zafin ranar ƙasar Lafia, man ya narke katako ya shanye shi.

Da safe ya ja faibar don ta saɓule, ko gezau. Ya sa cizal, bakin faibar ya tsage. Hanya ɗaya ta rage, ya farfasa adakar daga ciki ya fitar da ita guntu-guntu. Ya ɗaga guduma, ya tuna shi kansa a kan adakar nan ake zaunar da shi a ba shi nono yana yaro, sai ya ajiye. Kwana uku yana fita tun asuba don kada su haɗa ido, ran na huɗu Goggo ta hau acaɓa ta same shi a shago.

Ta zagaya adakar, ta ƙwanƙwasa, ta sunkuya ta sansana. Ta tambaye shi man wa ya ɗiba, ya ce nata. Ta tambaya ko ruwa zai shiga yanzu, ya ce ko ɗigo. Ta daɗe hannunta na kan murfin, shi kuwa yana jiran faɗa.

"Sa mata maɗauri, ka nemo mota," in ji ta.

A bakin kogi Torkula ya jefa akwatin a ruwa, ya danna shi da ƙafa, ya fito da shi ya buɗe. Cikin a bushe ƙayau, ga tsohon katako, ga ƙanshin man shanu. Nan take ya gane, ya tura shi gaban Goggo.

"Mama, wannan kayan ɗakinka ne. Ba zan karɓa ba."

"Ɗana, da ka bar jirginka a ɗaure ran nan, da tuni magada sun raba adakar nan," in ji Goggo. "Gara ita ta tafi, ni ina nan."

Baballe ya ji nauyin shekara guda ya sauka daga ƙirjinsa, ya gode wa Allah, ya gode wa tsohuwar da ta mayar da wautarsa kyauta. Torkula ya ɗaure adakar a gindin kujerar jirgi, daidai inda ya kwantar da Goggo ran nan, ya zaro sabuwar wayarsa ya sa a ciki, ya rufe.