Amin ɗin Tamalhat

Har yau a Tamalhat, in malami baƙo zai yi wa gari addu'a, sai ya fara faɗin abin da zai roƙa. Baƙi kan ji haushi, su dai mutanen garin ko a jikinsu.

Waliyyin da ya kafa garin a tsakiyar sahara ya tarar da idon ruwa da dabino da tafkin gishiri, dutse kuwa ko na jifan kare babu. Sai ya yi gini da gishiri haɗe da laka, jikoki suka ɗora ɗaki kan ɗaki har garin ya zama tsauni. Ginin ba ya tsoron komai sai ruwan sama, shi kuwa ruwan sama bai san hanyar garin ba.

Bakrin mai fataucin dabino ne kaɗai ke jin Larabci sosai, don haka shi ne tafinta. Gidansa na can sama. Matarsa Mabruka ce ta yi yaɓen ɗakinsu da hannunta kafin ta rasu, shatin yatsunta na nan a bango. Kullum zai fita sai ya ɗora tafinsa a kai. Yana kewarta ƙwarai, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Wata shekara Sidi Marzuƙ, wani malami daga bakin kogin Masar, ya zo ziyarar kabarin Waliyyi. Aka cika shi da naman rago da dabino. Bawan Allah ya dubi rairayi ta ko'ina, tausayi ya kama shi, ya ɗaga hannu a masallaci yana addu'a da Larabci.

Bakrin ya saurara. Ya matsa kusa da dattijon gari, Shehu Habun.

"Baba, ruwa fa yake roƙa mana."

"Wane ruwa kuma? Muna da shi."

"Na sama. Mai yawa, ya ce."

Shehu Habun ya shafa gemu. "To, ba a katse baƙo yana magana da Ubangiji. Kai dai ka riƙe amin ɗinka."

Bakrin ya riƙe nasa. Sauran jama'a, da ba su ji ko kalma ɗaya ba, suka zuba amin har da masu hawaye, don muryar malamin akwai daɗi.

Washegari da hantsi hadari ya haɗu. Tsofaffi suka fito kallo, wasunsu ba su taɓa gani ba. Ruwa ya sauko, bai kuma yi niyyar tsayawa ba. Kowa ya kwashi yara da awaki ya gangara gonakin dabino, suna kallon gidajensu suna narkewa a hankali.

Bakrin ya tsaya a ɗaki har rufin ya fara ɗiga. Ya ɗora hannu a kan yatsun Mabruka kamar kullum. Bangon ya yi laushi. Da ya ɗaga, shatin nasa ne kawai a wurin.

A ƙarƙashin dabino ya sami Sidi Marzuƙ jiƙe sharkaf, fuska sai annuri.

"Ɗana, gaya musu ba sai sun gode mini ba. Allah ne Ya karɓa."

Jama'a suka juyo suna jiran fassara. Bakrin ya goge lakar hannunsa a jikin riga.

"Ya ce a yi haƙuri."