Tattabarun Baba da Murfin Tukunya

Tun da Mama ta rasu, Baba ya rage magana kamar wanda ake sayar masa da ita. A cikin gida daga "to" sai "madalla". Amma da ya hau saman bene, inda ya kafa akurkin tattabarunsa tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, sai bakinsa ya buɗe. A can kaɗai Auta take samun ubanta. Shi ya sa ko za ta makara zuwa kantin maganin da take aiki, sai ta hau ta zauna da shi tukuna.

Saman nan ba ya son gaggawa. Rana takan leƙo ta bayan dogayen gidaje, ta fara taɓa murfin tanki, ta gangaro kan zannuwan da maƙwabta suka manta a igiya. Baba ya bi ƙofofin akurki yana buɗewa. Tattabarun ba sa tashi nan take. Sai sun fito sun yi yanga, sun gyara fuka-fuki, sun ƙare wa duniya kallo, sannan wata mai ruwan toka da yake kira Gimbiya ta ɗaga, sauran su bi ta. Su yi ta kewaya har su koma ɗigo-ɗigo a sama. Cikin wannan jira Baba yake hira: yadda ya fara ganin Mama a tashar mota riƙe da lema mai karyayyen ƙarfe, yadda take mitar kashin tattabaru amma a ɓoye take watsa musu tsaba. In hira ta ƙare ya ɗaga tafin hannu cike da hatsi, ya yi fito siriri, su sauko masa.

Wata safiya Auta ta ɗauke shi bidiyo a waya. Ya harare ta yana murmushi.

"Ke dai ba kya rasa aiki. Wa zai tsaya sauraron tsoho da tsuntsaye?"

Maganar ta sosa mata rai. Ta yi wa kanta alkawari sai ta tara masa masu sauraro, ya gani da idonsa cewa duniya ba ta gama da shi ba.

Ta ɗora bidiyo a intanet. Shiru. Ta ɗora wani. Waɗanda suka kalla ba su wuce ƙirgen yatsu ba, cikinsu har da yayanta da ke wani gari, wanda ya rubuto yana tambaya ko an gyara yoyon tankin nan.

Nan ta faɗa hannun gwanayen tara mabiya. Kai, jama'a! Mutanen nan ba sa haɗiye yawu. Akwai wani mai fararen haƙora da yake zama gaban fitilu masu launi, kullum ya ce yau zai tona sirrin da babu wanda ya taɓa faɗa, ƙarshe sirrin shi ne ka dawo gobe. Akwai wata mai ƙaton tabarau da ta ce a riƙa ɗorawa kowace rana ko ana ciwo. Washegari wani ya ce yawan ɗorawa ke kashe shafi. Wannan ya ce ka zama kanka, wancan ya ce ka kwaikwayi wanda ya ci nasara. Su duka mabiyansu sun taru ne don jin yadda ake tara mabiya, ba wanda ya taɓa nuna ko kaza. Auta tana sauraronsu a motar haya, tana sauraronsu a bayan kanta in ba mai saye, har muryoyinsu suka fara bin ta cikin mafarki, inda take ganin Mai Haƙora zaune a kan tanki yana koya wa Gimbiya murmushi. Haushinsu take ji, haushi sosai, amma ta kasa rufe su.

Abu ɗaya ne bakinsu ya zo ɗaya a kai: kada ka bar mai kallo ya jira. Tun daga buɗewa wani abu ya fashe, in ba haka ba yatsa ya ture ka. To me zai fashe a saman Baba? Tattabara tana susar wuya?

Baba yana da ɗabi'a. In ya buɗe akurki, yakan sauka ya ɗebo wa tsuntsayen ruwa mai tsabta daga ƙasa, don bai yarda da na tanki ba. Gwiwa ta tsufa, kunne ya yi nauyi, saukar da hawan sukan ɗauke shi lokaci. Wata safiya Auta ta hau da murfin tukunya da ludayi a cikin jakarta. Ta jira ƙarar takalminsa ta ɓace. Ta jingina waya da bulo, ta lallaɓa tsakiyar tattabarun suna tsince-tsincensu, ta buga.

Sama ta cika da fuka-fuki. Fari da toka da ruwan ƙasa suka watsu cikin hasken safe, ƙananan gashi suna saukowa a hankali a kan fuskarta. Gaskiya abin ya yi kyau. Da Baba ya hawo da bokiti ya ɗaga kai.

"Yau kuma ba su jira ni ba?"

"Sun ƙosa ne, Baba," in ji ta, tana tura jakar bayan tanki da ƙafa.

Ta ɗora bidiyon, kafin azahar wayarta ta hana ta sakat. Mutane daga wuraren da ba ta taɓa jin sunansu ba suna yabo, suna turawa gaba. Tana miƙa wa wata mata maganin tari, idonta yana kan waya don murna. Da ta koma wurin gwanayen, suka ce da baki ɗaya: abin da ya karɓu, a maimaita shi.

Ta maimaita. Kullum Baba ya sauka, murfi ya yi ƙara. Hirarsa kuwa ta riƙa yanke ta gutsi-gutsi, ta cire shirun da yake yi kafin ya ambaci Mama, don an ce shiru yana korar mutane. Daga baya ta cire hirar gaba ɗaya. Ba wanda ya neme ta. Ta so ta nuna masa yawan mabiyan, sai ta tuna zai ce a kunna masa ya gani, ta fasa.

Tattabarun suka fara jinkirin dawowa. Sai Baba ya yi fito har leɓensa ya bushe kafin su sauko, su ma a gefen katanga, su ɗauki tsaba su ja da baya. Ya duba ko kyanwa ce take hawowa. Ya duba sama ko shaho ne. Ya wanke akurki da ruwan zafi, ya sauya hatsi. Hira ta ragu, don hankalinsa yana can sama. Auta tana gani, tana ce wa kanta gobe za ta daina. Gobe ta yi, wayar ta yi ƙara tun da asuba, ta sake jefa ludayi a jaka.

Ranar da abin ya faru, Baba ya manta buta ya juyo daga tsakiyar matakala. Ba ta ji tahowarsa ba. Ta buga, tsuntsaye suka watse, ta waiwaya ta gan shi a bakin ƙofa da bokiti ba ruwa. Ya dubi murfin, ya dubi wayar da ke jingine da bulo. Ya ajiye bokitin a hankali, ya je ya ɗebi hatsi.

Tattabarun ba su kewaya ba. Kai tsaye suka haye titi suka jeru a kan rufin wani dogon gida, Gimbiya a ƙarshen layi, suna kallon wannan ɓangare kamar ba su taɓa saninsa ba. Baba ya tsaya bakin katanga, ya ɗaga tafin hannu, ya yi fito. Rana ta hau. Inuwar zannuwa ta gajarta. Motoci suka cika titi a ƙasa, lokacin aikinta ya wuce, wayar tana ta ruri a kan siminti ba wanda ya kula ta. Bai sauke hannun ba. Kafaɗarsa ta fara karkarwa, hatsi yana zubowa ta tsakanin yatsunsa.

Kunya da tausayi suka rufe Auta. Ta matso ta tallafi gwiwar hannunsa da tafukanta biyu, hawaye suna zubo mata.

"Baba, ka yafe mini. So na yi mutane su ji ka."

Ya zare hannunsa daga nata a hankali, idonsa yana kan wancan rufi.

"Matsa can baya, Auta," ya ce. "Ke suke tsoro."