Hannun Si Munji

Kowa a garin Mahdiya ya san filin ƙaramin golf, wasan tura ƙwallo rami da sanda, na Si Munji, wato Malam Munji, can bakin teku kusa da masu suyar kifi. Shi ya kwaɓa simintin layukan tun yana saurayi, shi ya gina 'yar gadar da ƙwallo ke hawa kafin ta gangara rami. Da rani iyalai su cika wurin da hayaniya. In sanyi ya shigo sai ya kulle ƙofa ya yi ta atisaye shi kaɗai. Ya buga gasa a biranen Susa da Tunis, har ƙasar waje ya je ya dawo da kofi.

Matarsa Naziha ce ta fara lura da abin. Yana shan shayi ta ga shayin yana zube masa a wando, hannunsa na dama yana rawa kamar mai jin ɗari. Ta ja shi wurin likita. Likita ya ce magani zai rage rawar, amma warkewa kam babu.

Kuma a wannan shekarar aka kawo babbar gasa filinsa.

"Munji, ka janye," in ji Naziha. "Ka ce hidimar baƙi ta yi maka yawa."

"A filina? Kowane layi na san halinsa kamar yadda na san naki."

"To ai hannun ne bai san ka ba yanzu."

Ya ɗauki sandarsa ya nufi fili.

Ranar gasa Lutfi, tsohon abokin hamayyarsa mai tumbi da baki, ya iso daga Susa. Tun daga ƙofa ya ɗaga murya. "Tsoho, kana nan da rai? Ka goge mini kofina, da shi zan koma!"

"Sai dai ka koma da tumbinka," in ji Munji, hannu a aljihu.

Aka haɗa su rukuni ɗaya. A layukan farko Munji ya danne hannun dama da na hagu, ya lallaɓa. Da aka zo gada ya tsaya, ya daidaita ƙafa, ya ja sanda baya. Daidai lokacin bugu hannun ya zabura. Ƙwallo ta daki gefen gada ta dawo gabansa.

Lutfi ya fashe da dariya. "Kai, gadar ma ta gaji da kai!"

Munji ya sake. Ta sake dawowa. A bugu na gaba kan sandar ne ya riƙa ƙwanƙwasa siminti tun kafin ya taɓa ƙwallon, ƙas-ƙas-ƙas, kowa yana ji. Lutfi ya dubi hannun, ya daina dariya. Munji ya san ƙarfin da bugun ke so, ya san inda ƙwallo za ta bi, yana ganin hanyar sarai da idonsa. Hannun ne ya ƙi.

Da adadin bugun da aka ba shi ya ƙare, alƙalin wasa ya rubuta sakamako bai ɗago kai ba. Munji ya sunkuya zai ɗauki ƙwallo, ta suɓuce masa. Lutfi ya ɗauko ya saka masa a aljihu.

"Tun yaushe?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Tun kaka."

"Ka gwada sanda mai nauyi? Ko hagu?"

"Na gwada duka, Lutfi."

"In ce musu iska ce ta kaɗa ƙwallon?"

"Ina iskar take?"

Haka ya bi sauran layukan har ƙarshe, ya zo na ƙarshe a jerin. Lutfi ya yi nasara, amma ko murmushi bai yi ba.

Al'ada ce mai fili ya miƙa kofi. Aka kira Munji gaban jama'a, aka ɗora masa shi a hannu. Murfin kofin ya soma kaɗawa kusa da lasifika, ƙarar ta bazu har bakin titi. Naziha ta sunkuyar da kai. Lutfi ya yi sauri ya rungumo kofin haɗe da hannuwan Munji, ya riƙe gam har masu hoto suka gama.

Da jama'a suka watse, Lutfi ya tsaya jikin motarsa yana juya makulli. "Baɗi fa zan dawo, tsoho. Ka shirya."

Munji ya mayar da hannunsa aljihu. Lutfi ya jira kaɗan, sannan ya shiga mota. Naziha ta tattara sanduna ta kulle rumfa da kanta, suka kama hanyar gida.