Tabo a Idon Kailani

Kailani ya daɗe yana sassaƙa hatimi da reza a bakin ƙofar jami'a ta Kongo kafin ya sayi injin leza ya kama shago a Tudun Wada. Injin na zana rubutu a jikin ƙarfe da wani haske mai ƙuna da ido ba ya gani. Masu ƙera injin markaɗe da na ɓarar masara su ne abokan cinikinsa, yana buga musu suna da lamba a kan farantan da suke liƙa wa kayansu. Da ido ɗaya yake wannan aiki, don na hagun ƙyanda ta lalata shi tun yana yaro.

Wata Laraba Alhaji Mujahid, mai sana'ar yogot a Tudun Jukun, ya iso da wata ƙatuwar tukunyar silba a bayan keke, yana so a zana mata sunan kamfaninsa kafin masu duba tsafta su zo. Tukunyar ta ƙi shiga akwatin injin. Kailani ya ce a bari sai gobe, Alhaji ya yi ta magiya, shi kuma ya ji nauyin dattijon. Ya kwance murfin kariyar injin, ya jingina tukunyar. Gilashin da yake kare idonsa da shi ya tsage tun makon jiya, sabon bai iso daga Kano ba.

Rubutun ya fara fita tsaf. Kailani ya sunkuya ya duba ko layin ya miƙe, sai hasken ya daki ƙyallin tukunyar ya dawo masa. Bai ji zafi ba. Wani ɗan ƙas kawai ya ji a cikin kansa. Ya ɗago, ya ga hular Alhaji da babbar rigarsa, amma babu fuska a tsakaninsu.

Ya ƙarasa aikin da lalube, bai faɗa wa kowa ba. A gida ya ce wa matarsa Saratu gajiya ce, ya ɗiga maganin ido ya kwanta. Ita ta gane da kanta, ranar da ta miƙa masa kofin koko ya kai hannu gefe.

"Malam, dube ni," in ji ta.

"Ina dubanki."

"Bango kake duba."

A asibiti likitar ta haska idon ta daɗe tana dubawa. Daga baya ta yi musu bayani cewa tsakiyar ganin ne ya ƙone, kuma wurin ba ya tsirowa. Gefe-gefe zai ci gaba da gani, ba zai faɗa rami ba, amma karatu da aikin hannu sun ƙare. Saratu ta tambaya ko a Kaduna ko Abuja za a dace. Likitar ta girgiza kai.

Alhaji Mujahid ya zo dubiya da buhun shinkafa, ya zauna yana ta salati, ya kasa haɗa ido da matar gidan. Kailani ya ce masa ƙaddara ce, kada ya sa wa ransa damuwa. Bayan ya fita, Kailani ya juya fuskarsa ga bango, bai ci abincin rana ba.

Ikechukwu mai buga takardu a Sabon Gari ne ya sayi injin. Da aka zo ɗauka, Kailani ya tsaya a ƙofar shago ya karkata kai gefe, ta haka kaɗai yake iya hango abu. Ya riƙe hannun Ikechukwu.

"Kada ka taɓa cire masa murfi, ko waye ya roƙe ka."

Suka ɗora injin a mota. Saratu ta rufe shagon, ta tare musu keke.